Injiniya Ma'u da Jan-bakin Bungudu

Shirin nan nawa fa babu abin da ya same shi. Har yanzu in na zauna na juya shi sama da ƙasa, ba na ganin inda na yi kuskure sosai. Mutane ne dai ba su iya barin abu yadda suka gan shi ba.

Sunana Ma'u, muna zaune a Sabon Gari a Gusau. Duk shekara da gero ya fara nuna, kakata Inna Tambaya take aiko saƙo daga Bungudu a tura mata ni korar tsuntsaye. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka wasa ne. 'Yar rumfa ce a tsakiyar gona, ka hau tun da sassafe, ka riƙe igiya mai gwangwanaye, kana ja kana ihu har rana ta faɗi. Su kuma jan-baki, 'yan tsuntsayen nan masu sauka garke-garke, ba su da kunya ko ta ƙwayar gero. Ka kore su gabas su sauka yamma. Bara da na dawo gida muryata ta zama ta agwagwa, fuskata kamar bayan tukunya, har Umma sai da ta kalle ni sau biyu kafin ta amsa sallamata.

Bana na ce ba zan yi ba. A zuci na faɗa, don ni ba na musu da manya. Ko tari Baba ya yi gabana faɗuwa yake.

To, yayana Mas'udu yana da wani ɗan jirgi, bai wuce faranti ba, mai farfela huɗu da kyamara a goshi. Da shi yake ɗaukar bidiyon biki. Ba irin wanda ake kallo daga ƙasa ba ne. Tabarau kake sawa ya rufe maka ido ruf, sai ka riƙa ganin abin da jirgin yake gani kamar kai ne a ciki, hannunka na kan rimot mai 'yan sanduna biyu. Ni ba ya bari in taɓa. Amma ɗakinsa na da taga, ni kuma ina da kunne, kuma a bayan tagar nake tsintar shinkafa.

A nan na ji yana yi wa abokansa bayani. Wai jirgi kamar doki ne, yadda ka ɗaura masa linzami haka zai tafi. Saiti uku ya yi masa, kowanne ya raɗa masa suna. Akwai Amarya: tafiya a hankali, juyi a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Akwai Tsere: a miƙe kamar kibiya. Akwai Alkafura: wannan na 'yan nuna isa ne, ka ɗan taɓa sanda jirgi ya wuntsila sau biyu kafin ka ƙifta. Wani ɗan maɓalli ne a jikin rimot yake canza su. Tun da ya fara aikin biki ya kai maɓallin kan Amarya, ya naɗe shi da salatif, ya sa hannu da biro a kan salatif ɗin. Wai saboda ɓeraye. Ni ce ɓerayen.

Amma na san wata ƙofar. A jakar jirgin akwai tsohuwar waya da gilashinta ya tsattsage kamar yanar gizo. In ka jona ta da jirgin, layuka uku ke fitowa, kowanne da ɗan ƙwallo da ake ja dama ko hagu. Na sama saurin juyi, na tsakiya laushin sanda, na ƙasa ƙarfin tashi. Rubutun Turanci ne, ni kuma a aji huɗu muka yi sallama da boko, amma jan ƙwallo ai ba ya buƙatar digiri. Kuma a wayar akwai wasan tuƙin jirgi da nake yi a ɓoye. Gaskiya a wasan faɗuwa nake yi kullum, amma duk faɗuwar ina ƙara fahimta.

Da saƙon Inna ya zo, Yaya Mas'udu ya tafi Zariya. Na ce Allah ya gama min komai. Na zura jakar jirgin a ƙasan kayana, na danne da zannuwa, na shiga motar Bungudu ina rungume da ita, duk wanda ya kalle ni sai in ji kamar ya sani.

Ni mutum ce mai sirri. Mutum ɗaya tak na faɗa wa, Saude, ɗiyar ƙanwar Umma da ke zaune wajen Inna. Na ja ta bayan rumbu.

"Saude, rantse ba za ki faɗa ba."

"Na rantse."

"Jirgin Yaya ai ni ke saita masa shi. Shi dai tuƙi kawai ya iya. Gobe zan kori duk jan-bakin Bungudu, sai sun dangana da Sakkwato."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Da na ga idon Saude ya buɗe sai na ƙara da cewa har daga Kano ana kirana a waya. Ni da ko waya ba ni da ita.

Washegari da na isa gona na tarar da rabin unguwa a bakin kunyoyin gero. Mata da goyo, tsofaffi da sanduna, har mai ƙosai ta kawo tirenta. Na kalli Saude.

"Mutum ɗaya na faɗa wa," in ji ta.

Inna Tambaya ta zagaya jirgin tana leƙe, hannu a baya.

"Wanga abu shi za ya yi min gadin gero?"

"Shi fa, Inna. In ya kore su, kin yarda in koma Gusau, bana ba sai na zauna ba?"

"In ya kore su, tahi abinki har da tukuici. In bai kore su ba, ke da igiya sai an yi girbi."

Na sa tsohon batir, cikin waɗanda Yaya ya daina amfani da su, don kada ya gane. Na hau rumfa, na rufe ido da tabarau. Na tura sanda. Jirgi ya tashi. Wallahi ya tashi. Na ga gonar daga sama, na ga mutane, na ga wata yarinya a kan rumfa baki buɗe, sai daga baya na gane ni ce.

Sai dai saitin Amarya ne. Jirgin ya nufi jan-baki yana rangwaɗa, a hankali, cikin ladabi. Tsuntsayen suka ɗago, suka kalle shi, suka matsa masa kaɗan ya wuce, suka ci gaba da cin geronsu.

"Gaishe su ya tahi yi?" in ji Inna.

Mai ƙosai ta ce, "Ai ko kazata mai ƙwai ta fi shi hanzari."

Na sauke shi, na ce gwaji ne, injiniyoyi haka suke farawa. Na shige ƙarƙashin rumfa da rimot. Ga maɓalli nan, in na ɓare salatif na kai shi Tsere an gama. Amma sa hannun Yaya fa? Na ce a'a, wawa ne ke bin ƙofar da aka sa wa ido. Na ɗauko tsohuwar waya na jona.

A nan na nuna basira. Na san dole in mayar da ƙwallayen inda na same su, don ranar Asabar akwai bikin Hussaina, ɗiyar Kawu, a Tsafe, kuma Yaya ne zai ɗauki bidiyo. Lambobin gefe har da ɗigo a tsakiyarsu, ni da lissafi kuwa ko gaisuwa ba ma yi. In rubuta su a takarda kuma wani ya tsinta. Sai na lura da tsagar gilashin. Ƙwallon sama yana daidai inda tsaga ta yi ƙafar kaza. Na tsakiya yana bakin doguwar tsaga. Na ƙasa yana kan wani ɗan tauraro. Ƙafar kaza, doguwa, tauraro. Na maimaita har ya zauna. Babu takarda, babu shaida. Na ji tausayin masu boko.

Sai na ja saurin juyi har ƙarshe, ƙarfin tashi har ƙarshe. Laushi kuwa na ce me za a yi da laushi a wajen yaƙi, na kashe shi gaba ɗaya. Na danna koren wurin da Yaya ke dannawa in ya gama saiti.

"A matsa baya," na ce wa jama'a. "Masu hawan jini su koma gida."

Na ɗan taɓa sanda. Ɗan taɓawa fa.

Sama, ƙasa, gero, sama, mai ƙosai, sama, gero. Duniya ta riƙa juyawa a idona kamar an sa ni a turmi. Na manta ba ni ce a cikin jirgin ba, na sunkuya don in kauce wa bishiya, na faɗo daga rumfa na dira a kan kunyar gero da tabarau a fuska. Ban saki rimot ba, abin da ya ƙara ɓata lamarin ke nan, don duk birgimar da na yi jirgin ma ya yi.

Ina kwance na ga shanu a idona. Manyan farare, suna ƙara girma. Shanun Baba Manu ne, Bafulatanin da ke kiwo a gefen burtali. Jirgin ya bi ta tsakanin ƙahon babban bijiminsa yana kuka kamar rina dubu. Garke ya watse. Mata suka kwasa da gudu, yara suka bi shanu, tiren ƙosai ya kife, kowa na ihu. Sai tabarau ya yi duhu da ganye.

Baba Manu ne ya zunguro jirgin daga kan ɗorawa da sandarsa. Ya kawo shi riƙe da ƙafa ɗaya, nesa da jikinsa.

"Yarinya, wanga shaho naki na?"

"Na yayana ne, Baba."

"To ki ce ma yayanki ya ɗaure shi. Saniyata mai ciki tana can ta nufi Maru."

Amma ku tsaya ku ji. Da ƙura ta lafa, babu jan-baki ko ɗaya a gonar. Ihun mutane ne, gudun shanu ne, oho. Ni dai na miƙe, na karkaɗe zanena, na ce, "Kun gani."

Saude ta riƙa tafi. Inna ta daɗe tana kallon sama.

"Tahi," ta ce. "Mu haɗu Tsahe wurin biki. In ba su komo ba, kin huta."

Na koma Gusau ina jin kaina kamar matar gwamna. Jirgi bai karye ba, ƙurjewa kuwa dama jikinsa duk ita ce. Saura in mayar da ƙwallaye. Na tura jakar ƙarƙashin gadon Yaya, na ce bari in ci tuwo tukuna. Ina cikin ci na ji sallamarsa. Ya dawo da wuri. Na ture kwanon tuwon.

Sai da safiyar biki na samu ya shiga wanka. Na faɗa ɗakin, na jona waya.

Gilashi sumul. Sabo fil, har ina ganin fuskata a ciki. Babu ƙafar kaza, babu doguwa, babu tauraro.

Daga bayi ya ɗaga murya. "Ma'u, ke ce a ɗakina?"

"Shara nake yi, Yaya. Wayar nan taka ta yi kyau."

"Jiya na kai aka canza gilashin. Bikin manya ne, ba zan fito da abu kamar an taka ba. Kar ki taɓa."

Na tsaya ina kallon ƙwallaye uku, su ma suna kallona. Na rufe ido ko zan hango tsagar. Ƙafar kaza tana dama ne ko hagu? Doguwar ta sama ce ko ta ƙasa? Na ja na sama, na ga kamar ya yi yawa, na mayar. Na ja na ƙasa. Na tsakiya na manta da shi sam. Na ji ƙarar bokiti, na danna kore, na ɗauki tsintsiya.

A mota na ce, cikin dabara, "Yaya, ba za ka ɗan gwada shi ba kafin a fara?"

"In gwada me? Batir masu kyau ba su da yawa, kowanne kafin ka shanye kofin shayi ya ƙare, ga babu wuta. Amarya kuwa ko a barci na san halinta. Dubi salatif ɗina, ko ƙuda bai sauka a kai ba."

Daga Gusau har Tsafe duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har ta shiga bayi.

An ɗaura aure, an kafa rumfuna a filin ƙofar gidan Kawu. Amarya Hussaina da ango Lukuman suna zaune a kujerun gaba, shi cikin farar shadda mai ƙyalli. Kusa da su waliyyin ango, Alhaji Rabi'u, da doguwar hula. Gefe guda an ajiye katuwar roba cike da zoɓo da ƙanƙara. Na laɓe a bayan mata, can na hango Inna Tambaya da Saude. Saude ta ɗaga min hannu, ta nuna min maroƙi mai lasifika, ta kashe min ido. Ban gane ba a lokacin.

Yaya ya bayyana wa ango tsarin. Jirgi zai taso daga bayan rumfa, ya sauko a hankali kamar gashin tsuntsu, ya tsaya a gaban amarya, ita kuma ta yi murmushi. Ya zauna a kujera, ya sa tabarau, ya kunna. Farfela suka fara kuka. Daidai nan maroƙi ya gyara murya.

"Jama'a a kalli sama. Jirgin Mas'udu, saitin Ma'u. Injiniya Ma'u ƙanwar Mas'udu, wadda ta kori jan-bakin Bungudu, wadda ake kira daga Kano."

"Wace Ma'u?" in ji Yaya, ya juyo da kai, tabarau a fuska. Yatsansa ya motsa.

Jirgin bai tashi ba, harba shi aka yi. Ya wuce tsawon bishiyar darbejiya, ya wuntsila, ya wuntsila, ya juyo da kai ƙasa. Yaya ya ja sanda don ya tare shi, a yadda ya saba ja wa Amarya, shi kuwa jirgin ya ɗauki jan nan a matsayin umarnin yaƙi. Ya shigo ta ƙarƙashin rumfar mata. Gwaggwaro suka riƙa sauka kamar ana girbi. Wata Hajiya ta shige ƙarƙashin tebur da jakarta, tana salati. Ya fito ta ɗaya gefen, ya yi kwana, ya ɗebe hular Alhaji Rabi'u cak, ya bar shi da sanƙo a rana.

Maroƙi bai daina ba, shi aikinsa yake yi. "Ga aikin injiniya. Hula ta tafi Makka ta bar mai ita."

"Kai Mas'udu, sauke abin nan," in ji Kawu.

"Kawu, ba ya jin magana. Ba saitina ba ne."

Yaya ya miƙe tsaye yana tangaɗi, ya taka rigarsa, ya yi baya da kujera. Ni na san wannan faɗuwar, na riga shi yin ta. Jirgin ya zo gaban amarya kamar yadda aka tsara, sai dai a kife, Hussaina ta yi wani ihu maimakon murmushi, ya zarce ya faɗa robar zoɓo da hular Alhaji a wuyansa.

Zoɓo ya tashi sama ya sauka a kan ango. Farar shadda ta koma ja daga wuya har gwiwa. Robar ta yi 'yar tafasa, hayaƙi ya fito, shiru.

Sai muryar Saude, tana alfahari: "Haka ya yi a Bungudu ma. Ga injiniyar can bayan Gwaggo."

Matan da nake laɓe a bayansu suka dare gida biyu.

Yaya ya cire tabarau. Ya zo gabana da rimot, ya nuna min salatif, sa hannunsa na nan lafiya lau.

"Ta ina?"

"Ta waya."

"Kin rubuta lambobin?"

"Na riƙe su da tsagar gilashi."

Ya rufe ido. "Ma'u, da salatif ɗin kawai kika ɓare. Tsere na nan a shirye. Ki gama ki mayar da maɓalli. Iyakaci in yi miki faɗa."

"Ai za ka gane."

"Yanzu ban gane ba ke nan?"

Alhaji Rabi'u ya tsamo hularsa yana matse ta. "Wace makaranta ta yi injiniyancin?"

"Aji huɗu, Alhaji," in ji Umma, kanta a ƙasa.

"Alhamdu lillahi da ba ta gama ba. Da yanzu babu Tsafe."

Inna Tambaya ce ta ƙaraso a ƙarshe, tana dogara sandarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara min mayafina da ya karkace.

"Injiniya, baƙinki sun komo. Kina tahiya sunka sauka, da dangin uwa da na uba. Ki haɗa kayanki. Bayan gero akwai maiwa, bayan maiwa akwai dawa." Ta juya wajen Yaya. "Kai kuma, gawar abin ga tana da amfani?"

"Ta ƙone, Inna."

"Ba ni ita."

Yanzu haka a kan rumfar nake rubuta wannan, a bayan kwalin sukari. Inna ta sa an kafa dogon gora a tsakiyar gona, an rataye jirgin a kai, an ɗaura shi da igiyar gwangwanaye. In na ja, sai ya yi lilo, farfelarsa na ƙyalli a rana, yana wari-warin zoɓo. Abin haushin, jan-baki na tsoronsa. Sun fi tsoronsa yanzu a kan lokacin da yake da rai.

Na ce, "To Inna, tunda yana korar su, ai sharaɗi ya cika, in tafi."

Ta ce, "Wa za ya tuƙa shi? Ke kaɗai ta iya."

Baba Manu in ya zo wucewa da shanu sai ya ɗaga sanda ya ce, "Sannu da tuƙi." Saude kuma ta koya wa Inna sunayen saitin duka ukun. Tana zaune a inuwar ɗorawa da ƙwaryar furarta, in gona ta yi shiru sai ta ce in bar shi a Amarya, in riƙa ja a hankali kada igiya ta tsinke.

Bari in ajiye biron. Ga wani baƙin girgije can ya taso daga wajen rafi, kuma ba na ruwa ba ne. Inna ta riga ta ajiye ludayi.

"Ma'u, ga su nan. Sa mishi Tsere."